Sunan Uba, Sunan Gari: Yadda Bahaushe Ya Sami Sunan Iyali

Bahaushe ya daɗe da sanin asali, amma bai daɗe da sanin sunan iyali ba. Abin da ake nufi da sunan iyali shi ne suna guda wanda kaka zai ɗauka, ɗa ya gada, jika ya gada, ba ya canzawa ko an bar gari ko an bar sana'a. A yawancin gidajen ƙasar Hausa irin wannan suna bai cika shekara ɗari da kafuwa ba, a wasu gidajen ma har yau bai zauna ba. Shi ya sa ake samun 'yan'uwa uku uwa ɗaya uba ɗaya, wannan ya rubuta sunan mahaifinsu a takardar makaranta, wancan na kakansu, na ukun kuma sunan garinsu. Alƙalamin hukuma ne ya haifi sunan iyali a wurinmu: rajistar makaranta, takardar aiki, fasfo, daga baya kwamfutar banki. Hukuma ta tarar da hanyoyi da dama da mutane suke gane juna da su, sai ta ɗauki guda ta daskarar. Saboda haka mai neman ma'anar irin wannan suna sai ya tambayi abin da aka daskarar, da lokacin da aka yi hakan.

Labarin farko na baka ne, kuma a matsayin na baka ya kamata a karɓe shi. Ana cewa Bayajida ya zo Daura ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya, ɗansa Bawo kuma ya haifi waɗanda suka kafa sarautun Hausa. Babu rubutun zamanin da ya tabbatar da wannan, amma yadda ake ba da labarin yana nuna yadda mutane suke lissafin asali: wane ɗan wane, kowa da sunansa, ba wani suna guda da ya bi su duka. Haka abin yake a littafin tarihin sarakunan Kano, wanda masu bincike da dama suke ganin an harhaɗa shi a ƙarshen ƙarni na 19, wani Bature mai suna Palmer kuma ya fassara shi zuwa Turanci a 1908. Lissafin da aka ɗora a kan littafin ya sa hawan Bagauda a 999, shekarar da ƙiyasi ce kawai. Daga nan sai Warisi ɗan Bagauda, sai Gijimasu ɗan Warisi, haka har ƙasa, kuma sau da yawa marubucin yakan faɗi sunan mahaifiyar sarki, domin a gidan mata da yawa ɗakin da mutum ya fito yana da nauyi a rabon sarauta. Littafin ya kuma kawo mutanen Barbushe na gindin Dala kowa da aikinsa, wannan maƙeri, wancan maharbi, wancan mai magani. Har yau akwai zancen cewa Abagayawa, maƙeran da suka fito daga Gaya, su ne mazaunan Kano na farko.

A wancan zamani akwai abin da ya yi aikin sunan iyali fiye da kowane suna, wato askar gado. Wanzami yakan yi wa jariri zanen gidansu a fuska, na Gobirawa daban, na Kabawa daban, na Barebari daban. A lokacin yaƙe-yaƙe da kamen bayi wannan ba ado ba ne kawai. Yaron da aka sace yana iya mance sunan ubansa, amma fuskarsa tana faɗin inda ya fito. Al'ummar da ta rubuta asali a kumatu ba ta da buƙatar rubuta shi a suna, kuma ba mamaki ba ne a ce lokacin da zane ya fara ja da baya a ƙarni na 20 shi ne lokacin da sunan biyu ya fara ƙarfi.

Musulunci ya kawo sabon tsari. Littafin tarihin Kano ya ce Wangarawa sun iso daga Mali a zamanin Yaji ɗan Tsamiya, wanda ake sa mulkinsa tsakanin 1349 da 1385, sannan a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili ya zauna a Kano. Tare da malamai aka sami tsarin sunan Larabawa: sunan yanka, sai jerin iyaye, sai alkunya, sai laƙabi, sai danganta mutum ga gari ko ƙabila ko sana'a. Al-Magili kansa dangantawa ce ga ƙabilar Magila ta Afirka ta Arewa. Malaman ƙasar Hausa sun ɗauki wannan a rubuce-rubucensu. Waliyyin Katsina na ƙarni na 17 da muka sani da Ɗan Marina, a littattafai Ibn al-Sabbag ne, wato ɗan marini. Masanin lissafi Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, a can aka san shi da sunan Katsina. A nan akwai ƙa'idar da za ta sake bayyana bayan shekara ɗari biyu: ba a kiran mutum da sunan garinsu sai ya bar garin. A cikin Katsina kowa Bakatsine ne, sunan bai bambanta kowa ba.

Musulunci ya kuma taƙaita rumbun sunaye. Ranar suna liman yakan raɗa Muhammadu ko Abubakar ko Umaru ko Usmanu ko Aliyu ko Ibrahim, ga mata kuma A'ishatu, Fatsima, Hadiza, Hauwa'u. Gida guda sai a tara Muhammadu biyar. Ga kuma kunya: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, matar gida ba ta faɗin sunan mijinta ko na surukinta, yaron da aka mayar wa sunan kaka kuwa dole a sama masa abin kira. Daga nan laƙabi ya yi yawa har ya rufe sunan yanka. Abubakar ya zama Garba, Usmanu ya zama Shehu, Umaru ya zama Sanda, Muhammadu ya zama Mamman. Ranar haihuwa ta ba da Ɗanladi da Ɗanjuma da Ɗan'asabe da Balarabe. Wanda ya bi tagwaye Gambo ne, namijin da ya zo bayan mata Tanko, na ƙarshe Auta, Fulani kuma suna da Dikko ga ɗan fari da Sambo ga na biyu. Da yawa daga abin da yau ake rubutawa a gurbin sunan iyali daga nan ya fito. Gidan da ake kira Ɗanjuma ba wata zuriya ba ce mai wannan suna tun fil azal, kakansu ne aka haifa ranar Juma'a.

Jihadin 1804 ya ba mu misali mafi bayyana. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, ana ce masa ɗan Fodiyo ne saboda laƙabin mahaifinsa Muhammadu, kalmar Fulatanci mai nufin malami. Ƙanensa Abdullahi shi ma ɗan Fodiyo ne. Amma 'ya'yan Shehu ba su ɗauki Fodiyo a matsayin sunan da ake kiransu da shi ba: Muhammadu Bello, Abubakar Atiku, Nana Asma'u 'yar Shehu. Gidan da ya fi kowane gida a Daular Sakkwato kula da nasaba, wanda ya san kansa Torankawa ne daga Futa Toro, ya kuma rubuta jerin kakanninsa, bai ga dalilin maƙala suna guda ga kowane ɗa ba. Bello da Atiku laƙubba ne na mutum ɗaya ɗaya, daga baya ne suka zama sunayen da ake raɗa wa yara don neman albarka.

Wani zai ce ai Hausa tana da sunayen zuriya tun da can. Kafin jihadi Kano ta ga Bagaudawa da Rumfawa da Kutumbawa. Bayan jihadi ga Sulluɓawa, waɗanda suke riƙe da sarautar Kano tun hawan Ibrahim Dabo a 1819, ga Yolawa da Dambazawa da Joɓawa, a Katsina ga Dallazawa, a Zazzau ga Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa suna karɓa-karɓa. Wannan gaskiya ne, kuma waɗannan sunaye ana gadonsu. Amma sunayen taro ne, ba a haɗa su da sunan mutum a kira shi. An san Sarki Dabo Basulluɓe ne kamar yadda aka san shi Bafulatani ne, ba a ce masa Ibrahim Basulluɓe a matsayin suna. Sannan gidajen sarauta da na malamai da manyan fatake ne suke da irin wannan, manomin ƙauye kuwa shi da ubansa da unguwarsu sun ishe shi. Inda sunan taro ya koma sunan mutum, a zamanin boko ne ya koma. Bamalli yana nufin mutumin Malle, laƙabin Malam Musa wanda ya kawo tutar jihadi Zazzau. Nuhu Bamalli, Magajin Garin Zazzau kuma ministan harkokin waje a ƙarshen jamhuriya ta farko, ya ɗauke shi a matsayin suna, ɗansa Ahmed Nuhu Bamalli kuma ya hau gadon Zazzau da shi a 2020.

Fatauci da aikin hajji a ƙarni na 19 sun maimaita ƙa'idar al-Kashinawi. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suna kai kaya Gwanja su sayo goro, a zango kuma ana gane baƙo da garin da ya fito. Alhaji Umaru, malamin da ya rasu a Kete-Krachi ta ƙasar Gana a 1934, asalin gidansu Kabi ne, an haife shi a Kano, ya zauna a Salaga, sai ga shi a rubuce-rubuce wani lokaci al-Kabawi, wani lokaci al-Kanawi, wani lokaci al-Salagawi. Mutum ɗaya, dangantawa uku, kowace gaskiya ce. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, jama'a da yawa sun bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno zuwa Sudan, garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nilu har yau da sunansa ake kiransa. Waɗanda suka zarce Makka da Madina kuwa, a can dangantawar ta daskare ta zama sunan iyali sosai, domin sun shiga ƙasar da ake gadon irin wannan suna. Hausawi, Barnawi da Fallata sunayen gidaje ne a Saudiyya, kyaftin ɗin 'yan ƙwallon ƙasar a gasar cin kofin duniya ta 2018 ma Usama Hausawi ne sunansa.

Babban juyi ya zo ne bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Hanns Vischer, wanda aka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, aka kuma kafa Kwalejin Katsina a 1921 don horar da malamai. A nan aka tara yara daga larduna daban-daban a aji guda, da yawansu Muhammadu da Abubakar da Ahmadu, malami kuma yana buƙatar rajistar da ba za ta rikice ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa wa yaro sunan garinsu, wanda kuma ya dace da kunyar yaran, tunda ambaton sunan mahaifi gatsau a gaban jama'a abu ne mai nauyi. Jikan gidan Shehu da aka haifa a Raba, Ahmadu Raba aka san shi a makaranta da farkon aikinsa. Daga baya ya koma ga sunan kakan mahaifinsa, Sarkin Musulmi Bello, sarautar Sardauna da aka ba shi a 1938 kuma ta rufe duka biyun a bakin talakawa. Abubakar ɗan Yakubu Ɗan Zala ya zama Abubakar Tafawa Ɓalewa, sunan garin da ake cewa daga Fulatanci ya samo asali, yana nufin baƙin dutse. Marubucin Magana Jari Ce da fari Abubakar Kagara ne kafin ya zama Abubakar Imam, yayansa kuwa ya zauna a Bello Kagara. Aminu ɗan Malam Yusufu ya zama Aminu Kano, Shehu ɗan Aliyu ya zama Shehu Shagari, ga Sa'adu Zungur, ga Isa Kaita. A cikin manyan birane, inda sunan gari ba zai wadatar ba, unguwa ta shigo: Tanko Yakasai, Sabo Bakin Zuwo, Musa 'Yar'aduwa.

Sunan gari ya yi wani aiki da waɗanda suka fara rubuta shi ba su nufa ba. Dokar da shugaban Turawan mulki Lugard ya kafa a 1901 ta 'yanta duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar, aka kuma soke bauta gaba ɗaya a Arewa a 1936. A daidai wannan tsakanin ne makaranta ta fara karɓar 'ya'yan bayin sarki da na barori, sau da yawa ma su aka fara turawa saboda masu gida suna ƙyamar boko. Da an tilasta sunan zuriya, da rajista ta riƙa tona asalin kowa. Sunan gari kuwa ya rufa asiri, ɗan sarki da ɗan bawa duk Kano, duk Zariya, duk Gusau. Wannan ne kuma, a ganina, dalilin da ya sa sunayen sana'a suka yi ƙaranci a wurinmu in aka kwatanta da Ingila, inda sunan maƙeri ya fi kowane sunan iyali yawa. A tsarin zaman Hausa na da, ƙira da fawa da wanzanci da roƙo sana'o'in gado ne da ake yi wa kallon ƙasa-ƙasa, ɗan boko kuma ba ya ɗokin ɗaukar su zuwa ofis. Sarauta da malanta kuwa an ɗauke su da alfahari, shi ya sa Waziri, Galadima, Ciroma, Madaki, Makama, Turaki, Alƙali, Liman da Ladan suka cika takardu. Inda sana'a ta shiga suna, yawanci ta attajirai ce, irin Maigoro da Maishanu da Maiturare.

Har zuwa samun 'yancin kai a 1960 waɗannan sunaye galibi na mutum ɗaya ne. Sun zama na gado ne lokacin da 'ya'yan 'yan boko na farko suka shiga makaranta, suka tarar sunan da aka san mahaifinsu da shi yana buɗe ƙofa. Musa 'Yar'aduwa, ministan harkokin Legas, ya bar wa Shehu Musa 'Yar'aduwa da Umaru Musa 'Yar'aduwa sunan unguwarsu ta Katsina. Laƙabin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953, ya bi Ado Bayero ya kuma bi 'ya'yansa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, ana cewa ya sami laƙabin ne daga Tata, matar da ta rene shi, yanzu kuwa tattaɓa-kunne suna amsa shi. Na Muhammadu Buhari ya fi ban sha'awa. Mahaifinsa Harɗo Adamu ne, Buhari ɓangare ne na sunan yankansa, don tunawa da Imamu Buhari mai tara hadisi, wanda shi kuma aka danganta shi ga birnin Buhara da ke Uzbekistan ta yau. Sunan gari a tsakiyar Asiya ya zama sunan yanka a Daura, ya kuma zama sunan iyali ga 'ya'yansa. Tijjani da Jilani da Gazali duk ta wannan hanya suka biyo. Daga nan ake gane cewa haɗuwar suna ba hujjar dangantaka ba ce. Bello biyu ko Sanusi biyu ko Waziri biyu sau da yawa ba abin da ya haɗa su sai harafi.

Sunan gari bai mutu da zamanin Turawa ba, tsarin mulkin 1979 ma ya ƙara masa daraja, domin ya shigo da ƙa'idar raba muƙamai tsakanin jihohi, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ta zama abin nema. Ɗan siyasa mai sunan ƙauyensu ya riga ya faɗi mazaɓarsa kafin ya buɗe baki: Rimi, Kwankwaso, Ganduje, Tambuwal, Wamakko, Masari. A Nijar kuwa, inda Faransa ta bar tsarin rajistar haihuwa, sunan mahaifi ne ya rinjaya, irin Mahamane Ousmane da Mahamadou Issoufou, rubutun Faransanci kuma ya raba abin da baki bai raba ba. Usman na Katsina da Ousmane na Maraɗi suna ɗaya ne, haka Yusufu da Issoufou, amma kwamfutar kan iyaka ba ta san haka ba.

Mata sun shiga wannan tsari ta ƙofar da ba tasu ba. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umurni a danganta kowa ga mahaifinsa, a kan haka ne aka daina danganta Zaidu ɗan Harisa ga Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, malamai kuma suka tafi a kan cewa aure ba ya canza nasabar mace. Nana Asma'u ta auri Waziri Giɗaɗo, amma har ta rasu a 1864 'yar Shehu ce. Ɗaukar sunan miji al'adar Ingila ce da ta shigo ta ofis da asibiti da jaridu, ta zauna a tsakanin matan manyan ma'aikata da shugabanni. Yau ana samun mata masu ilimi da yawa suna komawa sunan mahaifi, wasu don addini, wasu don sun ga wahalar canza takardun shaida in aure ya mutu.

Akwai masu cewa tunda abin baƙo ne, a bar shi a koma wane ɗan wane. Wannan magana ta manta cewa su ma waɗanda suka kawo shi ba da shi aka halicce su ba. A Ingila sunan gado ya fara ne a gidajen masu ƙasa bayan mamayar Normawa a 1066, bai game talakawa ba sai wajen 1400, lokacin da haraji da kotu da takardun gado suka buƙace shi. Turkiyya sai a 1934 ta yi dokar da ta tilasta wa kowa zaɓen sunan iyali. Duk inda hukuma ta fara lissafin miliyoyin mutanen da ba ta san fuskarsu ba, sai ta nemi sunan da ba ya motsi. Mu ma nan muka iso. An kafa hukumar katin ɗan ƙasa da dokar 2007, Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar shaidar banki ta BVN a 2014, a Disamban 2020 kuma aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar katin ɗan ƙasa ta NIN. Tun daga nan wanda yake Garba a makarantar firamare, Abubakar a takardar sakandare, Bukar a banki, sai ya je kotu ya yi rantsuwa ya kuma buga sanarwa a jarida kafin a yarda shi kaɗai ne. Matsalar da ta rage ita ce fom ɗin yana tambayar sunan iyali, mu kuma yawancinmu sunan mahaifi muke ba shi, wanda yake canzawa daga tsara zuwa tsara: Sani Ibrahim ya haifi Musa Sani, Musa ya haifi Aliyu Musa. Gidaje da yawa sun sami mafita da suna uku, na yaro, na uba, sai na kaka ko na gari a ƙarshe, kuma na ƙarshen nan ne yake tsayawa ya zama na gado. Yaran da ake yi wa rajistar haihuwa yanzu su ne tsarar farko da za su girma da suna guda a kowace takarda, kuma sunan da mahaifi ya faɗa wa ma'aikacin rajista a wannan rana, ko laƙabin kaka ne ko sunan ƙauye, shi jikokinsa za su tarar.